Mutanen Sikotilan da kogin Kwara

1. Jirgin da bai tsaya ba

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara, wanda Dandawa da Zabarmawa suke ce wa Isa. Wanda ya ƙetare gada ya shiga Malanbil, ƙasar Benin. Wanda ya yi gabas kuwa, ba da jimawa ba sai ya ga Kamba, ƙasar Najeriya. Saboda haka mutanen Gaya sun saba da baƙi tun kaka da kakanni: fatake, da masunta, da makiyaya, da masu sayen gishirin Foga.

Tsakanin ƙarshen 1805 da farkon 1806, wani jirgi ya gangaro kogin, ya wuce ta gefen inda Gaya take. Bai yi kama da jiragen Sarkawa ba. An haɗa shi da ɓangarorin kwale-kwale biyu, tsawonsa kamar mita 12. Akwai Turawa a ciki, riƙe da bindigogi. A lokacin nan ƙasar Kabi tana cikin yaƙi, domin jihadin Shehu Usumanu ɗan Fodiyo ya fara tun 1804.

Shugaban tafiyar sunansa Mungo Park. Shi ba mutumin Faransa ba ne, ba kuma mutumin Ingila ba. Daga wata ƙasa ya fito mai suna Sikotilan, wadda ake ce wa Ekos da faransanci. Bayansa wasu ƴan ƙasarsu sun zo Kano da Sakkwato. Su wane ne mutanen nan? Yaya ƙasarsu take? Mene ne ya raba su da gida?

2. Ƙasar tuddai da ruwan sama

Sikotilan tana arewacin tsibirin Birtaniya, Ingila tana kudu da ita. Teku ya kewaye ta gabas da yamma da arewa. Faɗinta kamar murabba'in kilomita 78,000 ne, wato Nijar ta ninka ta sau 16. Mutanenta sun ɗara miliyan 5. Babban birninta Edinbura, amma Gilasgo ta fi yawan jama'a. Tana da ƙananan tsibirai kusan 800, galibinsu ba kowa a ciki sai tsuntsaye.

Ƙasar ta kasu kashi biyu. Kudu da gabas akwai ƙasar gangare, mai gonaki da manyan birane. Arewa da yamma akwai ƙasar tudu, mai duwatsu da kwazazzabai da tafkuna. Dutsen da ya fi tsawo shi ne Ben Nebis, mita 1,345. Bai kai duwatsun Bagazam na Abzin ba, waɗanda suka wuce mita 2,000.

A Nijar duka ba inda ya kai yankin Gaya samun ruwan sama, kamar milimita 800 a shekara. A yammacin Sikotilan akwai wuraren da ke samun fiye da milimita 3,000. Can ba a jiran damina, kowane wata ana ruwa. Abin da manomi yake roƙo shi ne rana. A watan Yuni gari yana yini da haske har awa 17, a watan Disamba kuwa hasken ba ya wuce awa 7.

Gero da dawa ba sa yi a sanyin nan. Suna noma sha'ir, da dankalin Turawa, da wani hatsi mai kama da alkama da suke ce wa ot. Suna kiwon tumaki da shanu, suna kamun kifi a teku. A tudu itace ya yi ƙaranci. Sai su yanko wata baƙar ƙasa ta ruɓaɓɓen ciyayi kamar tubali, su shanya ta, su hura wuta da ita.

3. Tarihinsu a taƙaice

Mutanen Sikotilan ba tushensu ɗaya ba. Kamar yadda Kyangawa da Dandawa da Hausawa da Zabarmawa da Fulani suka haɗu a Gaya, haka ƙabilu da dama suka haɗu a can. Akwai tsofaffin mazauna arewa da ake kira Fikit. Akwai masu harshen Galik, ƴan'uwan mutanen tsibirin Ailan, waɗanda Rumawa suka sa wa suna Sikoti. Daga baya wasu suka zo daga kudu, wasu kuma suka ƙetaro teku daga Norwe.

Rumawa sun ci kudancin Birtaniya, amma arewa ta gagare su. A shekarar 122 suka fara gina doguwar ganuwa daga teku zuwa teku don su tsare iyakarsu. Har yau ana ganin kufanta. Wajen 843 sarki Kenneth MacAlpin ya mulki Fikit da masu Galik tare. Daga nan ne ake fara lissafin sarakunan Sikotilan.

Ingila ta fi su yawa da dukiya, ta kuma daɗe tana neman mallake su. A 1297 wani jarumi, William Wallace, ya kori rundunar Ingila a gadar Sitalin. Daga baya aka kama shi, aka kashe shi a Landan a 1305. A 1314 sarki Robert Bruce ya ci nasara a yaƙin Bannokban, ƙasar ta tsira da ƴancinta.

Abin da takobi ya kasa, gado da yarjejeniya suka yi. A 1603 sarauniyar Ingila ta mutu ba ta bar ɗa ba, sai sarkin Sikotilan, James, ya gaji sarautarta. A 1707 aka haɗa majalisun ƙasashen biyu wuri ɗaya a Landan. Amma Sikotilan ta riƙe shari'arta, da cocinta, da tsarin makarantunta. A 1999 ta sake samun majalisa tata a Edinbura. A 2014 aka yi ƙuri'a kan ko ta rabu da Birtaniya. Kashi 55 cikin 100 suka ce a zauna tare, kashi 45 suka ce a rabu.

4. Dangi da shugaban dangi

A zamanin da, mutanen tudu dangi-dangi suke zaune. Da harshensu ana ce wa dangi kilan, ma'anarsa ƴaƴa. Kowane dangi yana da kwarinsa ko tsibirinsa, yana da shugabansa. Sunayensu da yawa suna farawa da Mac, wato ɗa. MacDonald yana nufin ɗan Donald, kamar yadda Bahaushe zai ce Ɗan Musa ko Ɗan Barau.

Shugaban dangi kamar uba yake. Shi ke raba gonaki da makiyaya, shi ke shari'a, shi ke ciyar da jama'a in an yi yunwa. Su kuma suna ba shi hatsi da dabbobi, in yaƙi ya zo su fito bayansa. Dukiyar mutum shanunsa. Lokacin zafi mata da yara sukan kora shanu zuwa kan tuddai, su zauna a bukkoki suna tatsa, suna yin man shanu da cuku, sai sanyi ya gabato su sauko. Dangi da dangi sukan kai wa juna hari don satar shanu, gaba ta daɗe har jikoki.

Shugaba yana da mawaƙinsa, mai yabonsa da zuga mayaƙansa. Yana da mai riƙe da tarihin kakanni a ka, yana da mabushinsa. Gado ake yi, uba ya koya wa ɗa, kamar yadda ake gadon kiɗa da roƙo a fadar sarakunan Hausa.

Suna girmama baƙo ƙwarai. Wanda dare ko ƙanƙara ta tare, ba a hana shi wurin kwana. Shi ya sa ba su manta da abin da ya faru a kwarin Gilanko a 1692 ba. Sojojin gwamnati sun sauka a gidajen dangin MacDonald, aka ba su ci da sha kusan mako biyu. Ran nan da asuba suka tashi, bisa umurni, suka kashe masu masaukinsu fiye da 30. Wasu suka gudu cikin ƙanƙara, sanyi ya kashe su. An yi kashe-kashen da suka fi wannan yawa a ƙasar, amma wannan aka fi tunawa, domin cin amana ne.

5. Sutura, abinci da wasanni

Suturar da aka san mazajen tudu da ita zane ne na gashin tumaki, mai gida-gida, launi iri-iri. A da dogo ne, mutum ya ɗaura rabi a ƙugu, ya yafa rabi a kafaɗa, da dare ya lulluɓa da shi. Daga baya aka gajarta shi, ya tsaya a gwiwa, ana ce masa kilt. Tun ƙarni na 19 kowane dangi ya ɗauki irin saƙarsa, har ana gane mutum da zanensa. Yau ba a sa shi kullum, sai ranar aure ko biki.

Abincin safe kunun ot ne mai kauri, da gishiri ko madara. Suna da wani abincin gargajiya mai suna hagis. Ana yayyanka zuciya da hanta da huhun tunkiya, a haɗa da garin ot da albasa da kitse da yaji, a cusa a tumbi, a dafa. Abincin talaka ne, wanda ba ya zubar da kome na dabba. Ana cinsa musamman ran 25 ga Janairu, don tunawa da haihuwar babban mawaƙinsu Robert Burns, ɗan manomi, wanda aka haifa a 1759.

Abin busarsu ɗan'uwan algaita ne, sai dai yana da jaka ta fata kamar ƙaramar salka. Mai algaita a kumatunsa yake tara iska. Mabushin Sikotilan kuwa cikin jakar yake hura iskar, ya matse ta a hammata, sai sauti ya riƙa fita ba yankewa.

Da dare maƙwabta sukan taru a gida ɗaya, a kewaye wuta, a yi tatsuniya da kacici-kacici da waƙa. In an gama saƙa, mata sukan zauna a kewaye da katako suna bugun ɗanyen zanen don ya yi kauri, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi, kamar matan da ke daka. Samari kuma suna gwada ƙarfi: kokawa, da jifa da dutse, da ɗaga dogon gungume a tsaye a wurga shi ya kifa.

6. Yadda aka watsa mutanen tudu

A 1745 wani ɗan tsohon gidan sarauta, Charles Stuart, ya zo neman gadon kakansa. Dangogi da yawa suka bi shi, wasu suka tsaya bayan gwamnati. Ran 16 ga Afrilu 1746 aka gwabza a filin Kuloden, cikin ƙasa da awa ɗaya aka murƙushe su. Gwamnati ta karɓe makamansu, ta ƙwace ikon shari'a daga hannun shugabannin dangi. Ta hana mazajen tudu sa zanensu, sai a 1782 aka soke dokar.

Abin da ya biyo baya ya fi yaƙin ciwo. Shugabannin dangi suka zama masu ƙasa kawai, suka fara neman kuɗi. Suka ga kiwon tumaki ya fi talakawa kawo riba. Daga wajen 1750 zuwa 1860 aka kori dubban iyalai daga gonakin kakanninsu. A wasu kwaruruka har an sa wa gidaje wuta don kada a koma. A 1846 ciwo ya kama dankali, yunwa ta ƙara korar mutane. Wasu suka tafi masaƙun Gilasgo, wasu suka shiga soja, wasu suka hau jirgi zuwa Kanada da Amurka da Ostareliya. Sai a 1886 aka yi dokar da ta hana korar ƙananan manoma daga gonakin da suke haya.

Amma ba a gefen waɗanda aka zalunta kaɗai mutanen Sikotilan suka tsaya ba. Attajiran Gilasgo sun yi arziki da taba da sukari waɗanda bayi ƴan Afirka suka noma a Amurka. Ƴan ƙasar da yawa sun yi aikin soja da na mulki a ƙasashen da Birtaniya ta mallaka.

7. Waɗanda suka zo ƙasar Kwara

Ƙasar gangare ta daɗe da makarantu. Kafin 1600 tana da jami'a huɗu. Ɗan manomi yana iya yin karatu mai zurfi, amma aiki ya yi kaɗan a gida, sai ya fita nema. Daga cikinsu aka sami James Watt da ya gyara injin tururi, da Graham Bell mai tarho, da Alexander Fleming da ya gano maganin fenisilin a 1928.

Mungo Park ma ɗan manomi ne. An haife shi a 1771, ya koyi aikin lokotoro a Edinbura. A zamanin nan Turawa suna jin labarin Kwara, amma ba su san inda ta nufa ba. Ya taso daga Gambiya, ya sha wuya, ya iso Segu a watan Yuli 1796, ya ga ruwan gabas yake yi. Da sarkin garin ya hana shi ƙetarewa, wata mace da ke dawowa daga gona ta gan shi a gindin itace, ta kai shi gidanta, ta gasa masa kifi.

A 1805 ya komo da Turawa fiye da 40. Damina ta same su a hanya, zazzaɓi da atuni suka kashe mafi yawansu. A watan Nuwamba ya bar Sansandin cikin jirgin nan, su Turawa 5, da bayi 3, da jagora mai suna Amadi Fatuma. Wannan karon bai yarda ya sauka ya gai da sarakuna ba, bai biya kuɗin hanya yadda aka saba ba. Wanda ya matso kusa sai a harbe shi. Haka suka yi tafiyar fiye da kilomita 1,500. A Yawuri jagoran ya sauka. Da suka kai duwatsun Busa jirgin ya maƙale, mutane suka taso masu da kibau da masu. Park ya faɗa ruwa, ya nutse. Wurin yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968.

Hugh Clapperton ya bi wata hanya. Ya ƙetaro hamada daga Tarabulus, ya bi ta Bilma da Barno, ya shiga Kano a watan Janairu 1824. Daga nan ya tafi Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi, suka yi ta hira kan addini da ciniki da ƙasashen duniya. Mutane suna kiransa Abdullahi. Ya koma gida lafiya. A zuwansa na biyu ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827. Yaronsa Richard Lander, mutumin Ingila, shi ne ya bi kogin daga Busa har teku a 1830.

Na uku shi ne William Baikie, shi ma lokotoro. A 1854 ya hau Kwara da Binuwai cikin jirgi mai tururi. Ya sa mutanensa shan kinin kullum, ba wanda ya mutu. Ya zauna a Lokoja, ya koyi Hausa, ya yi rubutu da ita, ya ziyarci Kano a 1862.

Hanyoyin da suka zana a taswira, ƴan kasuwa da sojoji suka bi daga baya. A 1898 Faransa da Ingila suka ja iyaka a bakin kogin, Gaya ta faɗa hannun Faransa, Ilo ta faɗa hannun Ingila.

8. Harshen da ya kusa ɓacewa

A Sikotilan ana jin harshe uku na gida: Ingilishi, da Sikots na mutanen gangare, da Galik na mutanen tudu. A 1872 aka tilasta wa kowane yaro shiga lakol, amma dokar ba ta ambaci Galik ba. Yaro ya zo bai san Ingilishi ba, a koya masa da Ingilishi. In ya yi harshen uwarsa a buge shi. A wasu makarantu har sanda ake rataya masa a wuya, kamar sambol ɗin da aka yi a lakol zamanin Faransa. Yaran suka girma suna jin kunyar harshensu, suka ƙi koya wa ƴaƴansu.

A 1891 masu jin Galik sun fi 250,000. A 2011 ba su kai 60,000 ba. Da iyaye suka farga, sai suka nemi a gyara. A 1985 aka buɗe azuzuwan farko da ake koyar da kome da Galik, a Gilasgo da Inbanes. Nijar ta riga su, domin tun 1973 aka buɗe lakol ta gwaji da Hausa a Damagaram.

Irin wannan labari yana nan kusa. Kyangawa suna cikin tsofaffin mazauna ƙasar Gaya. Yau mafi yawansu Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci suke yi. Harshen kakanninsu ya rage a ƴan ƙauyuka kaɗan wajen iyakar Najeriya da Benin. Harshe ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana mutuwa ne sa'ad da kaka ta yi magana, jika bai gane ba. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ma'anar kalmomi

Kwari: wuri mai zurfi tsakanin tuddai.
Kufai: wurin da aka taɓa zama ko gini, aka tashi.
Mabushi: mai busa algaita ko kakaki.
Atuni: ciwon ciki mai sa zawo da jini.
Kinin: magani mai ɗaci na zazzaɓin sauro.

Tambayoyi

1. Sau nawa Nijar ta ninka Sikotilan a faɗi?
2. Mene ne aikin shugaban dangi? Me jama'a suke yi masa?
3. Don me ba a manta da kisan Gilanko ba?
4. Me ya sa aka kori mutanen tudu daga gonakinsu?
5. Wane bambanci ke tsakanin tafiyar Park ta biyu da tafiyar Clapperton?
6. Yaya aka yi masu jin Galik suka ragu?

Aiki

1. Ku zana kogin Kwara a kaye, ku sa Segu, Tumbutu, Yamai, Gaya, Yawuri, Busa da Lokoja.
2. Ku lissafa shekarun da ke tsakanin 1707 da 1999.
3. Ku tambayi wani tsoho a unguwarku harsunan da kakanninsa suke ji. Ku rubuto kalmomi 10 na harshen da ba ku sani ba, da ma'anarsu da Hausa da faransanci.